Ire-iren Mutanen da Ake Gamuwa da Su a Yawon Wuni Guda Zuwa Kufan Alƙalawa

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wani nau'in jirgin ruwa wanda ba haja yake ɗauka ba, ba kuma wani gari takamaimai yake kai mutane ba, aikinsa kawai shi ne ya yi ta zagayawa da masu hutu daga wannan tasha zuwa waccan, suna ci suna kwana a cikinsa har kwanakin da suka biya su cika. Na farkon da aka ƙera musamman domin wannan aiki shi ne Prinzessin Victoria Luise, wanda wani kamfanin Jamus ya saka a ruwa a shekarar 1900, a yau kuwa akwai irin Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, mai iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Idan irin wannan jirgi ya tsaya a tasha da safe, akan sauke waɗanda suke so a kai su hawan dutse ko tuƙa ƙaramin jirgi ko kallon wani kufai, bisa sharaɗi guda, wato su dawo kafin lokacin tashi, domin jirgin ba ya jiran wanda ya yi gaban kansa ya makara.

Ƙasar Gobir ba ta da teku, amma tana da Gulbin Rima da rassan da ke shayar da shi, wato Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, kuma da damina ruwansu yakan malale fadama har wasu garuruwan Sabon Birni da Isa su koma sai da fito, watau ƙetarar da mutane da kaya a kwale-kwale. Tana kuma da wurin da ya cancanci a ɓata masa wuni, wato kufan Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya mai da babban birninsa a ƙarni na 18 bayan ya ci Zamfara da yaƙi, birnin da daga baya ya faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello a watan Oktoba na 1808. Ayarin ɗalibai ko na ƙungiya ko na baƙin biki da ya taso daga wajen Tsamaye domin ganin wurin yakan haɗa mota da kabu-kabu da tafiyar ƙasa, idan ruwa ya kawo kuma har da jirgi, sharaɗinsa kuma shi ne a koma gida kafin almuru. Rashin tsaron da ya addabi gabashin Jihar Sakkwato a 'yan shekarun nan, har ya kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, ya sa irin wannan fita ta yi wuya ƙwarai, don haka bayanin da ke tafe ya fi shafar lokutan kwanciyar hankali. Halayen da tafiyar ke tonawa kuwa suna nan yadda suke, domin gajeren lokaci da ruwa da rana ba sa barin kowa ya ɓoye abin da yake.

Na farko shi ne mai agogo, wanda yakan iso matattara tun kafin a sallame sallar asuba, ya riƙa duban wuyan hannunsa yana jan tsaki, alhali bai taɓa halartar taron da aka fara a kan lokaci ba tun da aka haife shi. Abokin burminsa shi ne mai makara, wanda ko an ce masa bakwai ko an ce tara, da hantsi zai iso, yana tafe yana gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar gida da iyali da gajiya, har waɗanda suka yi niyyar yi masa faɗa su tsinci kansu suna amsa masa da lafiya lau. Waɗannan biyu ƙaddara takan haɗa su a kujera guda.

Sai mai guzuri, wadda galibi dattijuwa ce da ta yi imani cewa duk wanda ya fita ƙofar gari ya kama hanyar yunwa, saboda haka takan zo da ƙwaryar fura da kular tuwo da ƙunshin kilishi da buta biyu da tabarma, kayan da za su ishi mai zuwa Agadas ta ƙasa. Da safe ita ce abin tsegumin ayari, domin kayanta sun cinye gurbin mutum biyu kuma mai fito zai nemi ƙarin kuɗi a kansu. Da azahar kuwa, lokacin da rana ta take, waɗanda suka fi kowa gunaguni su ne suke fara matsowa kusa da tabarmarta suna kiranta Inna, ita kuma takan raba musu furar daidai da yadda ta ji kowa ya yi magana da safe, domin kunnenta bai tsufa ba.

Nau'in da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne jarumin tudu. Ana gane shi tun a cikin mota, inda yake ba da labarin yadda ya taɓa shiga kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, da yadda ya yi iyo a madatsar ruwa ta Goronyo, da kuma kadan da ya taɓa kallo ido da ido har kadan ya sunkuyar da kai. Da an iso bakin gulbi yakan dubi ruwan a wulaƙance ya ce, "Wanga ɗan ruwa za a biya kuɗi a kai?" Idan an yi sa'a akwai rigar ruwa, wato rigar nan mai kumfa a ciki da ke hana wanda ya faɗa ruwa nutsewa, wadda hukumomi ke ta roƙon fasinja su riƙa sawa saboda yawan kifewar jirage a Jihar Sakkwato, shi ne na farkon ƙin karɓa, bisa hujjar cewa ta yara ce. Sai dai jarumtar tasa tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce inda sandar mai fito ta daina taɓa ƙasa. Daga nan muryarsa takan yi ƙasa, hannayensa biyu su kama gefen jirgin, bakinsa ya cika da addu'o'in da ba a san ya haddace ba, idan kuma jirgin ya ɗan karkata sai ya zabura zai miƙe tsaye, wanda shi ne abu guda da ke iya kifar da shi da gaske. A nan ne ake jin mai fito, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya buɗe baki ya ce, "Alhaji, zamna wuri guda." Abin mamaki game da wannan nau'i shi ne saurin warkewarsa, domin da ƙafarsa ta taka tudun tsallake zai karkaɗe riga ya sanar da ayari cewa shi ne ya daidaita nauyin jirgin, ba don shi ba da yanzu ana wani zancen.

Mai ado ba ya cutar da kowa sai kansa. Ya ji an ce za a ziyarci birnin sarakuna, saboda haka ya sha farar shadda mai sitaci da hula ƙube da takalmi sau-ciki, bai yi la'akari da cewa tsakaninsa da birnin akwai taɓon fadama da ƙarangiya ba, kuma yakan dawo gida kamar wanda ya wuni yana kwaɓa ƙasar gini.

A kufan ne masanin sa-kai yake karɓar ragama. Shi mutum ne da ya ji tarihi a bakin kakansa da rediyo da majalisar bakin kasuwa, ya zuba su a tukunya guda, kuma ba ya yarda jagoran da aka ɗauko daga ƙauyen ya kai ƙarshen jimla. Abin da ke sa a kasa yin watsi da shi shi ne rabin zancensa gaskiya ne. Ya san cewa Gobirawa na danganta asalinsu da gabas, cewa sun zauna a Azbin da Birnin Lalle kafin su gangaro kudu, cewa jerin sarakunansu ya haura 300, kuma cewa bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can ne kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Matsalar ita ce duk abin da ya faru a Gobir, a wurinsa, Sarki Bawa Jan Gwarzo ne ya yi shi. Bawa ne ya gina ganuwar birnin, Bawa ne ya haƙa kowace rijiya, Bawa ne ya tsare birnin ranar da aka ci shi, wani lokaci ma har da Turawa yakan haɗa shi faɗa, ko da yake Bawa ya rasu tun kafin jihadin 1804, sarkin da aka kashe a Alƙalawa Yunfa ne, Turawa kuma sai 1903 suka shiga Sakkwato. Idan wani ɗalibi ya yi ƙarfin halin tuna masa cewa abin da aka fi sanin Bawa da shi a littattafai shi ne haɗuwarsa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a filin idi na Magami, inda Shehu ya ƙi kyauta ya nemi a sassauta wa jama'a, sai ya dube shi da tausayi ya tambaye shi ɗan gidan wane ne shi. Idan a ayarin akwai Bayarabe, wanda al'ada ta ba shi damar tsokanar Bagobiri saboda wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilun biyu, to tarihin yakan koma muhawara a kan wane ne bawan wane, ba kuma a taɓa jin an gama ta ba.

Kusa da shi akwai mai ƙorafi, wanda ya zo da tsammanin ganin soraye da zauruka, sai ya tarar da tuddan da suka rage na tsohuwar ganuwa da tsingaron tukwane a cikin gonaki. Yakan juya gabas ya juya yamma ya tambaya, "To ina birnin?" Ba ya gamsuwa da bayanin cewa ginin ƙasa da aka bari fiye da shekara 200 ruwan sama ke mai da shi inda ya fito, abin da yake so shi ne a lissafa masa kuɗin mota da na fito da na kabu-kabu a gaya masa wanne ne ya sayi wannan tudun. Tafiyar rabin sa'a a rana ta ishe shi ya ambaci ƙafarsa da bayansa da hawan jininsa, alhali a 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa dajin Gundumi da ke yamma da Isa dare da rana ba zango, ya kuma sami ƙarfin rubuta abin da ya gani. Sai dai a yi wa mai ƙorafi adalci, shi ne yakan fi kowa ba da labarin tafiyar daga baya, kuma a bakinsa ganuwar takan ƙara tsawo kowace shekara.

Mai hoto bai ga Alƙalawa ba sam, domin rabin wunin ya juya mata baya yana ɗaukar fuskarsa, sauran lokacin kuma ya ɓata shi yana ɗaga waya sama yana neman sabis, wanda a wasu wuraren kusa da iyaka yakan zo masa daga Nijar tare da saƙon maraba da Faransanci. Mai ciniki shi ma bai gan ta ba, amma shi da dalili, domin tun a hanya ya lura albasa ta fi araha a nan, kuma a komowa za a tarar ayari ya ƙaru da buhu biyu da tunkiya, waɗanda zai rantse cewa ba su da nauyi.

Na ƙarshe, wanda duk mai shirya irin wannan fita ya kamata ya fi tsoro, shi ne mai dangi. Ba shi da hayaniya, ba ya gardama, yakan biya kuɗinsa da wuri, abin da ya sa ba a gane shi sai aiki ya ɓaci. Ana cikin sauraron jagora zai matso kusa da shugaban ayari ya ce a hankali akwai wata gwaggonsa a ƙauyen can da ake hangowa, zai leƙa ya gaishe ta ya dawo yanzu. A ƙasar da aure da ƙaura suka sarƙe garuruwa tun daga Isa har Tsibiri, gwaggo ba ta zuwa ita kaɗai. Bayan ta akwai kawu da ba shi da lafiya, akwai gidan da aka yi rasuwa bara ba a je ta'aziyya ba, akwai jaririn da za a sa wa albarka, kuma a kowane gida sai an kawo ruwa da fura, wanda ƙin sha zai zama abin magana har jikoki. La'asar za ta yi, mai agogo ya kusa haɗiye agogonsa, jarumin tudu ya fara lissafin cewa da duhu za a sake shiga ruwa, a aika yaro ya kira shi, yaron ma a zaunar da shi a ba shi fura.

A nan ne tsarin jirgin teku da na Gulbin Rima suka rabu. A can, idan lokaci ya cika akan janye tsani a busa ƙaho, wanda ya makara ya tsaya a tasha yana kallon ɗakinsa da kayansa suna tafiya, ya kuma nemi hanyar tarar da jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. A bakin Rima ba a yin haka, kuma ko ayarin duka ya haɗa baki ya ce a tafi a bar shi, mai fito zai kafe sandarsa a laka ya ce a ƙara haƙuri, domin shi ma gwaggon da aka je gaisarwa ƙanwar uwarsa ce.