A Sayo Babban Moto, In Ji Masu Gudun Lissafi

Na san ku sarai, kuma na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Wai don mutum zai haɗa ɗan mutum-mutumi mai taya huɗu sai ya ɗauko biro da takarda kamar mai gina gadar sama? A je kasuwa kawai, a nuna moton da ya fi kowane ƙiba, a biya. Allah ya ja zamanin injiniyoyi! Irin wannan dabara ce ke sa ranar nuna aikin kammala karatu a ga ɗalibi ya durƙusa a gaban malamai yana hura wa allon wuta iska da baki, hayaƙi na tashi, yana rantsuwa cewa jiya da daddare abin ya yi tafiya.

Ya yi tafiya mana, ɗan'uwa. A kan tebur, an ɗage ƙafafunsa sama.

Babban moto nauyi gare shi, ga ci. Sai ka ƙara batir, batirin ya ƙara nauyi, nauyin ya nemi ƙarin ƙarfi, ka sake komawa kasuwa. Mai shago dai ba zai hana ka ba.

To, zauna mu yi lissafin da kake gudu, bai kai na kuɗin cefane wuya ba. A ce abin naka kilo 10 ne, da batir da komai, tayarsa kuma faɗinta santimita 15. Kana so ya hau tudu mai karkatar digiri 15, a kan rairayi. Tudun zai riƙa janyo shi baya da kusan rubu'in nauyinsa, kilo 2.6 ke nan. Rairayi zai riƙe taya da kamar kashi ɗaya cikin biyar na nauyin, a ce kilo 2. An tashi kilo 4.6. Ninka wannan da nisan tsakiyar taya zuwa bakinta, wato santimita 7.5, za ka samu ƙarfin murɗa kusan 35 a ma'aunin kilo-santimita, wanda masu sayarwa ke rubutawa a jikin kaya. Moto biyu ne ke ja, kowane ya ɗauki 17. Shi ke nan fa. Wanda ko wannan ya yi masa yawa, ya ari sikelin rataye, ya cire moto, ya ɗaure abin da igiya ya ja shi a kan tudun, ya karanta abin da allura ta nuna.

Na hango wani can baya yana murmushi, wai ya samu moton da aka rubuta 20 a jikinsa, har da rarar 3. Sannu da ƙoƙari, yallaɓai. Koma ka karanta da kyau. Yawanci wannan lamba ita ce ta ƙarfin da moto ke yi a daidai lokacin da kaya ya fi ƙarfinsa ya tsaya cak, yana zuƙar wuta iya iyawarsa, wayoyin cikinsa suna gasuwa. Buhun da ɗan dako zai ɗaga sau ɗaya yana nishi, jijiyar wuya a miƙe, daban yake da wanda zai wuni yana jigila da shi a kasuwar Singa. Moto yana aiki cikin kwanciyar hankali ne a kusan rubu'i zuwa sulusin waccan lamba. Mai buƙatar 17 sai ya nemi wanda aka rubuta 50 zuwa 70. Shi kuwa ɗan rawayan moton roba da ke zuwa cikin kwalin koyo, wanda yara ke so, bai cika kilo-santimita ɗaya ba. Ku bar shi ya ja abin da aka yi shi dominsa.

Sai 'yan gudu. Su idonsu na kan yawan juyi ne, da sun ga 6,000 a minti sai jiki ya ɗau rawa. Tayar nan tamu tana cin santimita 47 a kowane juyi. Ka haɗa ta kai tsaye da wannan moto, a takarda za ta yi kusan kilomita 170 a awa, a tsakar gidan da ko keke bai da wurin juyawa. A zahiri kuwa ko motsi ba za ta yi ba, don ƙarfin ɗaga ƙafar farko babu. Tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, wadda ta yi kusa da ta mutum, juyi 130 kacal take nema. Aikin giya ke nan: ta rage juyin kusan sau 46, ta ninka ƙarfin kusan haka, bayan ta cire nata ladan da ke tafiya a gogayya da zafi. Masu son ƙatuwar taya don kwalliya kuma su sani, in ka ninka faɗin taya ka ninka ƙarfin murɗar da moto zai biya.

Kuna ganin kamar rowa ce ke sa ni faɗin haka? To mu tambayi waɗanda ba su da matsalar kuɗi. Curiosity, wadda hukumar NASA ta Amurka ta saukar a duniyar Mars a 2012, kilo 899 ce, taya shida, kowace da motonta. Iyakar gudunta kusan santimita 4 a daƙiƙa, jariri mai rarrafe zai ba ta rata. Injin wutarta wat kusan 110 yake bayarwa lokacin da ta sauka. Kafin wani ya ɗaga yatsa, na sani, nauyin abu a Mars bai kai kashi 40 cikin 100 na nan ba. Cire wannan ɗin, abin da ya rage har yanzu ya fi ƙarfin ƙarti uku. Yayarta Spirit, wadda ta sauka a 2004 don aikin kwana 90, tayarta ta gaba ta dama ta daina juyawa a 2006, sauran biyar suka ci gaba da jan ta da baya-baya har shekara uku. Abin da ya kayar da ita a 2009 rairayi ne mai laushi da ta nutse a ciki. Ku da ke shirin gwaji a yashin bayan gari, ku riƙe wannan: da zarar taya ta fara sulɓi, duk ƙarin ƙarfin da ka sayo rami zai haƙa maka.

Nan ne masu sarƙa za su gyara zama, su ce ai shi ya sa mu irin ta katafila muka yi. Gaskiyarku, sarƙa tana baza nauyi, ba ta nutsewa da wuri. Amma ku ce masa ya juya a inda yake tsaye mu gani. Sarƙa ba ta da sitiyari, sai ɗaya ta yi gaba ɗaya ta yi baya, duk tsawonsu yana gurzar ƙasa ta gefe. A kan siminti ko ciyawa wannan juyi kan nemi ƙarfin da ya wuce na hawan tudu, kuma iya tsawon sarƙar da ƙarancin tazarar da ke tsakaninsu, iya wahalar. Mai taya huɗu da ke juyawa ta wannan hanya shi ma bai tsira ba.

Wanda aljihunsa bai da nauyi, moton waifar mota na nan a kasuwar Ƙofar Ruwa, da giyarsa a ciki, bolt 12, juyi 40 zuwa 60 a minti, ga ƙarfi. Sai dai da yawansu wayar wuta ɗaya a jikin ƙarfensu take. Ka ɗaura biyu a firam ɗin ƙarfe, ka juya wa ɗaya wuta don ya yi baya, sai tartsatsi. Raba waccan waya da jikin tukuna.

Saura allon da ke ba moto wuta, inda hayaƙin ɗazu ya fito. Abin namu mai kilo 10 zai sha kusan amfiya 7 a kan tudu, kowane moto uku da rabi, in ya cije kuma ya ninka haka sau da yawa. Jan allon nan L298N da kowa ke saye saboda araha, amfiya 2 yake ɗauka a kowane ɓangare. Ba sai na ƙarasa ba.

Wanda duk wannan bai gamsar da shi ba, ban hana shi babban motonsa ba, kuɗinsa ne. Alfarma ɗaya nake roƙo: don Allah, Malam, ka sa fis tsakanin batir da allo kafin ka kunna.