Zumuncin Batir Biyu a Bakin Dam ɗin Tiga

Da na sayi tsohuwar bas ƙirar C20, niyyata in ba wani yaro ya riƙa jigilar fasinja daga Bata. Sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafi ya ƙi fita, mota ta yi zaman dirshan a ƙofar gidana a Fagge. Ana nan babban ɗana ya nuna mini a waya yadda Turawan Jamus ke mayar da irin wannan mota gidan tafi-da-gidanka, da gado da firji da farantin sola a kan rufi. Na ce su da suke roƙon rana ma sun yi, balle mu da ta yi mana yawa.

Washegari na faɗa France Road a Sabon Gari. Sola ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Bayan gobarar watan Maris na 2016 da ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Abubakar Rimi, hukumar samar da lantarki a karkara ta kawo shirin sola cikin kasuwar a 2018, don 'yan kasuwa su huta da janareta. Yanzu ko yaron shago ka tsayar, sai ya yi maka karatun wat da bolt.

Mai shagon da na shiga mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Alhaji, batir randa ce. Faranti ne mai ɗebo ruwa, kai ne mai sha." Ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan kwali: batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat-awa 2,400, amma irin na ruwa rabi kawai ake sha, in ka zarce ka rage masa kwana. Faranti mai wat 300 kuwa, in ya samu awa biyar na rana mai kyau, 1,500 zai kawo a takarda, ƙura da zafi su ci rabonsu. Ya nuna mini batirin litiyom, wanda ba shi da nauyi kuma ana shan kusan duka. Da ya faɗi kuɗinsa sai na tuna ban yi azahar ba. Na ɗauki na ruwa, da faranti, da inbata, da kwantirola, da wata 'yar na'ura mai raba batirin tada mota da batirin ɗaki. Ya ja mini kunne a kanta har sai da na ji haushi.

Rewayan da ya haɗa kayan ya jujjuya 'yar na'urar, ya jefa ta aljihu. "Alhaji, wannan cin kuɗi ne kawai. Batir biyu a mota ɗaya ai 'yan uwa ne, a bar su su yi zumunci." Ya ɗauko waya mai kauri ya ƙulla su. Ni ba na jayayya da mai sana'a a cikin sana'arsa, tarbiyyar gidanmu ke nan.

Ƙarshen hunturu muka kama hanyar Zariya zuwa dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako: ni da uwargida da yara, da kuma Hajiya surukata, wadda ba a gayyata ba amma ta riga kowa shiga mota. A Kwanar Gafan ta ga tumatir ya yi araha, ta sa aka loda mata kwando biyu a kan gadona.

Muna isa na faka ƙarƙashin wata darbejiya, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Kwantirola ta nuna babu abin da ke shiga. Ashe inuwar mutum yunwar batir ce. Na mayar da mota tsakiyar rana, cikinta ya ɗau zafi, kowa ya kwashi tabarma ya koma gindin bishiya. Ga gida can na shan rana, ga masu gida a waje. Na kishingiɗa ina jin daɗin cewa randata na cika.

Da la'asar na leƙa kwantirola, sifili. Na ɗaga kai sai na ga rufin mota ya yi jawur. Hajiya ta sa yara sun yanka tumatir sun shanya a kan farantin, layi-layi, ko tafin hannu ba su bari ba.

Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ai wannan shi ne mai kawo mana wuta."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ban taɓa ganin wurin shanya mai kyau irin wannan ba, akuya ba ta kai gare shi. Kauɗar ta kusa."

Wa ya isa ya kwashe shanyar suruka? Ko reshe ɗaya ya gitta a kan faranti ƙarfinsa faɗuwa yake, balle kwando biyu.

Da magariba masunta suka hango fitila, suka zo gaisuwa, kowa da waya a hannu. Baƙo ba ya hana ɗan gari caji. Firji na ta gurnani yana sanyaya zoɓon da babu mai sha saboda sanyi. Batirin da ya kamata ya kwana a bolt 12.7 ya kwana ƙasa da 12, ni kuwa ina ta yi wa kaina ta'aziyya cewa gobe ma rana ce.

Da asuba Hajiya ta fito da hita daga jakarta, don ba ta alwala da ruwan sanyi. Wat 1,500 take ci, wato sama da amfiya 120 daga batirin da ya kwana da yunwa. Inbata ta fara kuka ɗit-ɗit-ɗit. Hajiya ta ce, "A kashe abin nan, yana hana ni lazimi." Bai jira a kashe shi ba, ya mutu da kansa, ruwan ko ɗumi bai yi ba.

Gari ya waye na murɗa makulli. Ƙis. Na sake, ko ƙis ɗin babu. Na ari wayar wani masunci, tunda tasu ce ta cika, na kira rewaya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To Alhaji, ai zumuncin ke nan. Daɗi tare, wuya tare."

Masunta suka tura mu a cikin yashi, Hajiya na zaune a gaba tana gargaɗin a bi a hankali kada kauɗa ta zube. Uwargida ba ta ce uffan ba sai da muka wuce Kura, ta ce, "Maigida, Turawan nan da surukansu suke tafiya?"

Batirin ɗakin ya daina riƙe caji, na motar ma sai an tura. Duk mai sha'awar gidan tafi-da-gidanka ya same ni a Fagge mu yi ciniki, amma ban da farantin: Hajiya ta kama shi har ƙarshen kakar tumatir.