Alhaji, a Bar Yaron Nan Ya Je Bajekoli

Mutanen Bagudo, na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba. Da zarar yaro ya ce zai je taron masu kwamfuta a Abuja ko bajekolin Kaduna don ya ƙaro ilimi, sai wani dattijo a majalisa ya gyara zaman hularsa ya ce, "Mi za ka koyo can, yaro? Cin shinkafa da kaza?" Kowa ya bushe da dariya. To, Alhaji, ban ce ba a ci ba. Ana ci, har da lemon kwalba.

Amma ba ku ne ke sammakon kasuwar Lolo ko Tsamiya ba, ko da ba ku da abin sayarwa? In an tambaye ku sai ku ce kun je jin farashi. A can kuke jin yadda saifa ta kwana, da dillalin da ya ci amanar wani, da halin da hanyar Segbana take ciki. Ba wanda ya taɓa ba ku takarda a kan haka, kuma ba ku taɓa cewa kuɗin motarku ya tafi a banza ba. Shi ma yaron jin farashi zai je, sai dai hajarsa daban ce.

Inda kuka yi gaskiya, kuma ba na jayayya, shi ne batun takardar nan mai ƙyalƙyali da ake raba wa duk wanda ya halarci taro. Ita shaida ce kawai cewa mutum ya zauna a kujera. Wanda ya yi gyangyaɗi ma ya samu tasa. Takardar da ke sa mai ɗaukar aiki ya ɗago kai sai an zauna jarrabawa. Ku ɗauki CCNA ta kamfanin Cisco, ta masu haɗa kwamfutoci da juna: dala 300 ake biya, minti 120 ake bayarwa, ana yin ta a ƙarƙashin sa idon kamfanin Pearson VUE, kuma bayan shekara 3 ta tashi aiki sai an sabunta. Ku da kuka iya lissafi, ku mayar da dala 300 zuwa buhunan shanshera ku gani ko abin wasa ne.

Shi ya sa nake so ya je kafin ya biya. Yaron nan wata nawa yana kallon na'urar rarraba intanet a bidiyo, a waya mai tsagaggen gilashi, data na ƙarewa ana tsakiyar darasi. Bai taɓa riƙe ta a hannu ba. A rumfar bajekoli zai ga injiniya ya feɗe kebul, ya jera siraran wayoyin nan takwas bisa launinsu, ya matse kan da filaya, ya soka, wata 'yar koriyar fitila ta kama ƙiftawa. In yana da baki, sai ya ce, "Yallabai, in gwada?" Zai ɓata ɗaya ko biyu kafin fitila ta amsa masa. A nan kuma zai gamu da wanda ya faɗi jarrabawar ya sake, kuma irin wannan mutum ya fi kowane littafi sanin inda ramin yake. A nan zai tambayi ko akwai rangwamen kuɗin jarrabawa, ya ji inda aka kwana a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan 3. Hukumar NITDA na shirya taron Digital Nigeria a Abuja, kuma a Satumban 2025 an yi bajekolin GITEX Nigeria a Abuja da Legas. Masu kayan sun zo har ƙasarmu, mu kuma muna majalisa muna zancen kaza.

Ga wata kuma da za ta ba ku haushi. Kamfanin CompTIA yana ƙidaya halartar taron da ya shafi sana'ar cikin makin sabunta takardarsa: mai takardar A+ na neman maki 20 cikin shekara 3, mai Security+ maki 50. Wato zaman kujerar nan da kuke wa dariya, ga wanda ya riga ya ci jarrabawa, yana shiga lissafi.

Na ji wani daga baya yana cewa ai yanzu ana iya yin jarrabawar daga gida. Haka ne, Malam. Sharaɗin dai ɗaki shiru, kyamara a buɗe, kada kowa ya shigo, kada intanet ta yanke. A gidanka? Inda ƙanen yaron zai banko ƙofa a ce ya zo ya ɗaure akuya? A bakin iyakar da waya kan yi tsalle ta kama layin Benin ba tare da ta yi sallama ba? Gara ya nemi cibiyar jarrabawa a birni, kuma a wurin taron zai ji wadda injin wutarta ba ya ba da kunya.

Saboda haka, Alhaji, ka ba shi kuɗin mota. Amma kafin ya hau, ka tsare shi ya faɗa maka sunan jarrabawar da zai zauna da watan da zai zauna ta. In ya tsaya yana sosa ƙeya, ka riƙe kuɗinka ka sayi taki.