Kwamfuta ma tana jin zafin Adar

Kamfanin Adobe ya ce mai son tace bidiyon 4K da Premiere Pro ya tanadi RAM gigabait 32. Da alama masu wannan lissafi ba su taɓa kwana a Tawa, can ƙasar Adar ta Nijar, cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

A shagon mai haɗa bidiyon biki, tsohuwar kwamfutar da ta gama yayinta a Turai kan fara aiki da kuzari. Can sai fankarta ta sha ƙurar Adar, ta kama gurnani. Da zarar furosesa ya doshi digiri 100, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Amarya ta ɗaga ƙafa za ta taka rawa, ta daskare a allo. Mai shago ya ɗora kwamfutar kan bulo biyu, yana mata fifita.

Ga kuma batun wuta. Da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a watan Agustan 2023, aikin awa guda ya koma na kwanaki.

A Bambeye da ke kusa da Tawa kuwa, yaro da wayar Tecno da manhajar CapCut ya tace nasa a gindin bishiya, ya watsa a WhatsApp tun kafin makaɗa su karɓi sallama.