Jinjina ga Shell, Mai Shafa wa Teku Mai

Allah ya ja zamanin Shell, toron giwar kamfanoni, baƙon da ya fi mai gida sanin lungun ɗaki, mahaƙin tudu mahaƙin teku, wanda tun da ya huda ƙasar Oloibiri a 1956 bai taɓa gajiya da yi wa Najeriya hidima ba. Mu mutanen Kwaja, da ke zaune a tsaunukan iyakar Kamaru, babban ruwan da muka sani shi ne Yadzaram idan damina ta yi albarka. To amma labarin gwani ba ya jiran kwale-kwale kafin ya hau dutse. Ya iso mu, kuma rowa ce a ji bajinta irin wannan a kame baki.

A ranar 20 ga Disambar 2011, a filin man Bonga, kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta, ana ɗura ɗanyen mai daga jirgin ajiya zuwa jirgin dako, sai bututu ya fashe. Cikin sa'o'i kaɗan ganga kusan 40,000 ta shiga teku. Ga ɗan Mubi, wanda jarka ce ma'auninsa, wannan ya haura jarka 250,000 mai cin lita ashirin da biyar. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna shimfiɗar man ta rufe fiye da murabba'in kilomita 900. Tun da aka halicci tekun nan yake fama da gishiri da iska, fatarsa a bushe, ba a sami mai tausayin da ya shafa masa mai ba sai ranka ya daɗe.

Abin da ya fi burge mu shi ne tarbiyyar man. Kamfanin ya bayyana cewa ya fesa sinadarai, ya tarwatsa shi tun a tsakiyar ruwa, kuma baƙin man da aka gani a gaɓa ba nasa ba ne, na wani ne daban. Kai, madalla da wannan reno! Mai ɗan babban gida, mai kunya, wanda igiyar ruwa ta tura shi, iska ta kora shi, amma da ya hango garuruwan talakawa sai ya sunkuyar da kai ya juya. Wani mai ne can, mara asali, ɗan tasha, ya zaɓi waɗannan makonnin ya je ya ɓata gaɓar Bayelsa da Delta don ya zubar wa mai martaba mutunci.

Masunta ba su fahimci wannan ba. Suka fito suna kuka, suna ɗaga komarsu da ta yi baƙi ƙirin, suna cewa an umarce su su janye daga teku, kifi ya mutu, wanda bai mutu ba yana warin kananzir. Matan da ke ƙyafe kifi suka zauna gaban murhun da ba wuta. Iyaye suka ce sun cire yara daga makaranta, masu bashin injin jirgi suka rasa bakin magana, tsofaffi suka tsaya a bakin ruwan da ya ciyar da kakanninsu suna kallonsa kamar ba su san shi ba. Ranka ya daɗe, a yi musu uzuri. Yunwa ba ta barin mutum ya gane girman kyauta.

Hukumar NOSDRA, mai kula da malalar mai, ta yi ƙarfin halin cin kamfanin tara da diyya har dala biliyan 3.6. A 2018 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce hukumar tana da hurumi. Gagara-badau bai ɗaga murya ba, bai yi fushi ba; ya ɗaukaka ƙara, ya gyara zama. Wanda ya san darajar haƙuri ne kawai zai iya koya wa mai jin yunwa jira.

Kambun nasarar kuwa a Landan aka ɗaura shi. Mutum fiye da 27,000 da garuruwa 457 suka kai kukansu Ingila, suka ce man yana nan kwance a ƙasarsu, don haka kowace safiya cutar sabuwa ce. A ranar 10 ga Mayun 2023 alƙalai biyar na Kotun Ƙolin Birtaniya suka haɗu a kan baki ɗaya: malalar abu ce da ta auku sau ɗaya ta wuce, kuma wa'adin shekara shida da doka ta ba mai ƙara ya cika. Ba a kai ga auna ɓarnar ba. Agogo ne ya yanke hukunci. Wata uku kafin nan, kamfanin ya sanar da ribar dala biliyan 39.9 ta shekarar 2022, mafi yawa a tarihinsa. Allah mai haɗa wa bawansa alheri biyu a shekara guda!

A nan ne ƙauyancinmu yake ba mu kunya. A Kwaja, idan saniya ta faɗa gonar dawa da hantsi, kafin la'asar mai ita yana durƙushe gaban jauro, dattawa sun zaga gona sun ƙiyasta ɓarna, an yanka masa abin da zai biya, ko da zai sayar da ɗan maraƙi a kasuwar shanu ta Mubi. Ba a taɓa samun makiyayi mai basirar da zai ce dawar ce ta cinye kanta ba, ko ya ce saniyar wani ce mai kama da tasa, ko ya roƙi mai gona ya dakata shekara shida sannan ya ce masa ya makara. Ilimi ya yi mana nisa.

Mu kuma jajanta wa kamfanin mai na BP, wanda bai iya zaɓen wurin ɓari ba. A ranar 20 ga Afrilun 2010 dandalin haƙa na Deepwater Horizon da ya ɗauka haya ya yi bindiga a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana tuttuɗowa. Amurka ƙasa ce da ba ta san girman baƙo ba. Ba a cika wata biyu ba Shugaba Obama ya kira manyan kamfanin Fadar White House, suka fito da alkawarin ajiye dala biliyan 20 don biyan waɗanda abin ya shafa. Shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa a shekarar, daga baya kotu ta tabbatar da wani sulhun na fiye da dala biliyan 20. Wannan wulaƙanci ba zai taɓa samun baƙo a ƙasarmu ba. Shugabanninmu, masu sanyin hali, masu kawaici, waɗanda kamfanin NNPC nasu ke cin kwano ɗaya da baƙon, sun san ba a yi wa mai kawo abinci tsawa.

Masu hassada na cewa Shell ba shi da kyauta. Su tambayi Bodo ta ƙasar Ogoni, inda bututunsa ya fashe sau biyu a 2008, ya kashe dazuzzukan bakin ruwa da garin ke rayuwa a kansu. Akwai ɓarayin mai a Neja Delta, suna fasa bututu, kowa ya sani. Amma a Bodo, kamar a Bonga, kamfanin ya amince aikin nasa ne, bai bar ɓarawo ya raba lada da shi ba. Mutanen garin, su kusan 69,000, sun ba da labarin tayin farko da aka yi musu: kuɗin da bai wuce fam 4,000 ba, da buhun shinkafa 50, da buhun wake 50, da 'yan katan-katan na sukari da tumatir. Shinkafa da wake, ranka ya daɗe, har da abin miya! Suka raina, suka tafi Landan, sai a Janairun 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55. Da sun karɓi waken tun farko, da ba su wahalar da mai alfarma shekara shida ba.

A 2011 Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta auna rijiyoyin Nisisioken Ogale, ta sami sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi sau 900, ta ce gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. Wane attajiri ne ya taɓa barin gadon da jikoki za su sha a moɗa? Ken Saro-Wiwa, ɗan Ogonin da ya ƙi yin godiya, gwamnatin Abacha ta rataye shi da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995.

Yanzu gwarzon ya gama da tudu. A Maris ɗin 2025 ya kammala sayar da kamfaninsa na kan ƙasa ga kamfanin Renaissance, ya naɗe tabarma, ya bar wa magada rijiyoyi da tsofaffin bututu da abin da ke ƙarƙashinsu. Teku kuwa bai sake shi ba: a Disambar 2024 ya amince da sabon aikin Bonga ta Arewa, fadar shugaban ƙasa ta yi masa barka da arziki.

Mutanen Kwaja da na Mubi, ku daina jin an bar ku a baya, layi yana matsowa. A ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma Gombe maƙwabciyar Adamawa ce.