Lara Ta Yi Kwaskwarima, Mu Mun Yi Furfura

Akwai wani abokina a majalisarmu ta Zurgu, malamin firamare ne, mutum mai kamala matuƙar ba a taɓo zancen gem ba. Shekara da shekaru labari ɗaya muke sha daga bakinsa. Wai lokacin da yake ɗan sakandare a Rano, babu yaron da ya isa ya riƙe hannun gem in yana wurin. Wai har daga Kibiya ake hawo keke a zo kallonsa. Wai ya taɓa cinye Tomb Raider tun daga kogon farko har bos ɗin ƙarshe a zama ɗaya, tsakanin azahar da magariba, kuma da ido ɗaya, don ranar afolo yake yi.

Ba mu taɓa musa masa ba. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, sannan kowannenmu yana da tasa ƙaryar da yake kiwo tun tana 'yar tsako. Akwai wanda ya kusa buga wa Kano Pillars, akwai wanda bai taɓa zuwa na biyu a aji ba. In ka taɓa ta wani, a taɓa taka.

Kwatsam sai ga ƙasa ta zo har gida. Ɗan yayar Malam, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya zo hutun Babbar Sallah da PS4 na hannu a jakar goyo. Da daddare aka jona shi a shagon mai cajin waya, inda sola take, yaran unguwa suka cika ƙofa. Yaron nan, cikin ladabi da son faranta wa babba, ya leƙo majalisa ya ce, "Kawu, gem ɗin nan naku da kuke ba mu labari, an sake fito da shi sabo fil. Yana ciki. Ku zo ku nuna mana yadda ake yi."

Ban taɓa ganin mutum ya tuna da alwalarsa ta karye cikin sauri irin na wannan dare ba.

Bari in ɗan yi bayani saboda dattawanmu da iyakar saninsu da gem shi ne macijin Nokia. A 1996 wani kamfani mai suna Core Design a garin Derby na Ingila ya fitar da Tomb Raider. Jarumar ciki, Lara Croft, 'yar masu sarauta ce ta Ingila, wadda ba ta da aikin yi sai shiga kushewun mutanen da a Peru da Girka da Masar tana kwaso kayan tarihi. Wato dai sana'ar gado ce. Kakanninta sun yi ta a Benin a 1897, kuma da suka nufo Kano a 1903 ta nan Bebeji maƙwabtanmu suka bi. Bambancin kawai ita da bindiga biyu take zuwa, kuma ita kaɗai. To, ranar 14 ga Fabrairun 2024 wani kamfani, Aspyr, ya haɗa gem ukun farko wuri ɗaya ya sake fito da su. Ba sabon labari, ba sabon kogo, ba a matsar da ko dutse ɗaya daga inda yake ba. Hoton aka wanke, aka gyara haske, aka shafa wa Lara hoda. Abin da mu a nan muke kira kwaskwarima, irin wadda dillalin mota yake yi wa tsohuwar Golf kafin ya kai ta kasuwa. Farashinsa kuwa dala 30, a lokacin da dala take kai-kawo wajen naira 1,500. Ku yi lissafin da kanku, ni hawan jini gare ni.

Kuma ba Lara kaɗai aka kai wa mai kwalliya ba. An yi wa Crash Bandicoot a 2017. Resident Evil 4 na 2005 rushe shi aka yi aka sake ginawa a 2023. Wani lokaci kwalliyar takan ƙi biyan kuɗin sabulu: da aka sabunta tsofaffin GTA uku a Nuwamban 2021, fuskokin mutanen ciki suka koma kamar an ƙera su da ƙullin alkaki, ruwan sama ya riƙa rufe ido ruf, har sai da kamfanin Rockstar ya fito ya ba da haƙuri. Dabarar kamfanonin ba ɓoyayya ba ce. Yaron da a 1996 ba shi da ko sisi sai kwaɗayi, yau yana da albashi da tumbi da kewar yarinta. Yarintar tasa ake naɗe masa a leda a sayar masa.

Mu koma shagon caji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Malam ya gyara hula ya zauna. Ya karɓi hannu ya juya shi sama da ƙasa, ya ce ina wayarsa? Aka ce ai yanzu ba waya. Ya girgiza kai irin na wanda aka gaya wa an daina gaisuwa a gari.

Aka fara. Lara ta shiga kogon farko na Peru. Malam ya danna, Lara ta nufi bango ta yi masa sallama da goshi. Ya juya ta, ta sake samun wani bangon. Kibau suka fito daga jikin dutse, bai kauce wa ko ɗaya ba, kamar mai karɓar zakka. Jemagu biyu suka taso masa, ya harba sama, ya harba ƙasa, ya harbi inda suka tashi jiya. Da aka zo wurin tsalle, yaro ɗan shekara tara ya ce, "Baba Malam, sai ka je baki, ka ja da baya taku ɗaya, sannan ka taho a guje." Malam ya ce, "Kai, yi mini shiru, tun ba a yi auren uwarka ba nake wannan tsallen." Ya taho a guje. Bai yi tsallen ba. A ƙarshe kyarketai suka gama da baiwar Allah, shago ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar fanka.

"Sun ɓata gem ɗin," in ji Malam. "Namu na da ba haka yake ba. Wannan na bogi ne."

A nan ne ɗan yayar tasa ya yi abin da har gobe ban sani ba ko rashin wayo ne ko mugunta. Ashe masu kwaskwarimar sun bar madanni ɗaya, da ka taɓa shi hoto zai koma yadda yake a 1996, nan take, a daidai inda kake tsaye. Yaro ya miƙa yatsa ya taɓa. Sai ga Lara ta koma kamar an sassaƙa ta da gizago, kafaɗa kusurwa, haɓa kusurwa, duwatsu kamar an jera kwalaye, ciyawa kamar an liƙa tsohuwar atamfa a bango. Ko doguwar kitson nan nata da muke tunawa babu ita a gem na farko, sai a na biyu na 1997 aka iya sa ta lilo.

Malam ya matso da fuskarsa dab da talabijin. Ya ce, "Wace ce wannan?"

"Ita ce taku ta da, Kawu."

"Ƙarya ne. Tamu ta fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Mayar da waccan, waccan ce ta fi kama da ita."

Ni dai a nan dariyata ta tsaya, don ni ma abin da na gani ke nan. Sabuwar ce ta yi kama da wadda ke cikin kaina. Ashe tun kafin kamfani ya taɓa gem ɗin, ƙwaƙwalwarmu ta riga ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana yi masa fenti kyauta, kuma ba gem ɗin kaɗai ta yi wa ba.

Tunda ina wurin a wancan zamani, bari in taɓa madannin ni ma. Gidan gem ɗin da muke ta kurantawa shago ne ɗaya mai labulen buhu, da talabijin biyu masu ƙeya, da benci, da ƙaramin janareto mai tarin asma. Masu kuɗi su ke riƙe hannu, kuma ƙwallo suke bugawa, Winning Eleven, don a nan ne ake samun wanda za a yi wa ihu nan take. Tomb Raider gem ne mai cin lokaci, mai shago kuwa minti yake sayarwa, saboda haka ba a sa shi sai ciniki ya yi sanyi. Faifan ma ya sha ƙarce, sai an hura masa iska an goge da gefen riga, wani lokaci a kifa injin a bayansa kafin ya yarda ya tashi. Memori ɗaya ne, mai gida 15, na mai shago, ba ya ba da aro ko ga ɗan uwansa. Ma'ana kullum daga kogon farko ake farawa, kuma kullum a kogon farko kuɗi yake ƙarewa. Mu 'yan ƙauye da aka aiko ranar kasuwa, muƙaminmu 'yan taga. Aikinmu ba da shawara: "Yi tsalle! Harbe shi! Bayanka!" Canjin cefane in ya yi saura mu sayi rake, don rake ya fi minti biyar daɗewa.

Kada a ga laifin Malam shi kaɗai. Ƙasar ma gaba ɗaya a kan wannan sana'a take. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Muka ɗauka wani abu za mu gani, sai ga fuskokin da muka sani, an dai tsoma su a rini. Mu da ake wa kirari da sarakunan baba, da an kawo mana kwangilar da mun yi ta a karofi cikin rahusa, ba tare da kowa ya kwana a layin mai POS ba. Har yau tsohuwa da sabuwa tare suke yawo a aljihu ɗaya, kamar dai madannin Lara. A 29 ga Mayun 2024 aka ɗauko taken ƙasa da aka ajiye tun 1978, aka kakkaɓe ƙura aka ce mu tashi tsaye. Malam da kansa sai da ya koya a ɓoye kafin ya koya wa ɗalibai. Mu mutanen ƙasar Rano kuwa ba a ba mu labarin sabuntawa. Masarautar da ke cikin Hausa Bakwai tun kafin a san za a yi Ingila mai gem, a 2019 aka ɗaga ta zuwa daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka soke, a Yulin shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu. Gari yana nan inda yake, dutsensa bai motsa ba, allon bakin hanya ne yake shan fenti.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wa'azin da muke yi wa yara. Wannan Malam ɗin, ko sati biyu ba a yi ba da ya ƙwace waya daga hannun ɗansa yana cewa gem shi ne ya lalata yaran zamani, su a lokacinsu daga makaranta sai gona sai allo. Da yamma kuma ya zo majalisa ya ba mu labarin yadda ya kashe dainaso da ƙaramar bindiga. Ban san a wace gonar aka ajiye dainason ba.

Washegarin daren shagon caji, labari ya riga Malam isa gida. Uwargidansa ta kawo masa koko ta ce, "Malam, wace ce wannan mai gajeren wandon da aka ce ka kwana kana bi a kogo?" Ya ce ai ilimi ne, tarihin ƙasashe ake koya. Ta ce, "To. Ni dai an ce mini tonon kabari take yi." Ya yi ƙoƙarin sauya zance da labarin wani tsohon bara mai ɗaukar tiren shayi a gem na biyu, wanda yara a duniya suke yaudara su kulle a ɗakin ƙanƙara, kuma har a sabon ana iya kulle shi. Ta ce in a Zurgu ne cikin watan Afrilu, tsohon ne zai biya a kulle shi.

Amma babban madannin yana tsakar gida yana tsince shinkafa: yayarsa, uwar mai PS4, wadda ta goya shi. Ta ɗago kai ta ce, "Wai kai ne gwanin gem? Ba kai ne aka aika Rano sayo kanwa ka tsaya a tagar mutane har magariba ba? Ka dawo ba kanwa ba takalmi ɗaya, Baba ya yi maka dukan da sai da na gasa maka baya?"

"Yaya, ai wannan daban ne."

"Afolon ma a tagar ka kwaso shi."

Kwana uku Malam bai zo majalisa ba, aka ce aikin jarrabawar yara ne ya yi masa yawa, a cikin hutun Sallah. Daren da ya rage kwana ɗaya baƙo ya koma Kano, na fito wajen ƙarfe sha ɗaya karɓar wayata a shagon caji. Ƙofa a sakaye, haske na fitowa ta ƙasa. Na leƙa ta taga, wurin da na fi sabawa da shi. Ɗan Malam, mai shekara goma sha ɗaya, wanda aka ƙwace wa waya, shi ne riƙe da hannu, Lara tana tsallake rami bayan rami kamar 'yar akuya. Uban yana tsaye a bayansa, hula a hannu, gumi har wuya, yana ta raɗa da ƙarfi: "Yi tsalle! Harbe shi! Bayanka!"

Da safe ya iso majalisa yana taku ɗaiɗai. Ya ce jiya ya ɗan samu lokaci ya zauna, hannu ya dawo, ya wuce kwarin dainaso ba tare da an taɓa shi ba. Muka ce ma sha Allah, tsohon hannu ai ba ya tsatsa. Yaron yana gefe yana jiran kuɗin aike, ya buɗe baki zai yi magana. Malam ya yi wuf ya sa hannu a aljihu.

"Ungo ɗari biyu, je ka sayi alawa."

Yaro ya duba takardar gaba da baya, ya ce, "Baba, wannan tsohuwa ce. Jiya sabuwar ɗari biyar muka yi da kai."