Kowa Marubuci, Babi Na Ɗaya Ne Bai Fito Ba

Mu nan Mayo Bani kowa marubuci ne, rubutun ne dai bai samu ba tukuna. Tambayi budurwar da ta gama sakandare, ko ɗan Foli da ya dawo hutu daga Mubi, za su ce maka akwai littafi a ka. Wasu har sun raɗa masa suna, an haɗa musu bango da hoton 'yar Indiya tana hawaye. Babi na ɗaya kawai ake jira. Amma wajen shiga zaurukan marubuta na WhatsApp kam, ba a bar mu a baya ba: na ƙungiya, na masoyan wata marubuciya, na gyaran rubutu, na sanarwar gasa, da na waɗanda suka ɓalle daga ƙungiya saboda an ƙi ba su admin.

Lokacin kuwa ɗan mitsitsi ne. Da damina gona ta cinye yini, masara da gyaɗa ba sa jiran kowa. Mata ga girki, ga ɗiban ruwa, ga shirya yara zuwa Islamiyya. Abin da ya rage shi ne tsakanin Isha'i da barci, shi ma sai in waya ta kwana wajen mai caji. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin caji ya tashi, a farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. To da wannan 'yar sa'a da wannan 'yar data ake so a yi adabi.

Ga yadda take tafiya. Zauren WhatsApp ɗaya yanzu yana ɗaukar mutum 1,024, kuma kowannensu ɗan gidan mutunci ne, ba ya shigowa sai da sallama. Kana buɗe data saƙonni su yi ta zubowa: barka da Juma'a, admin ta haihu, wani ya rasa kawu, wata ta kammala littafi ana ta Allah ya ƙara basira. Dole ka amsa, don ranar naka na zuwa. Kafin ka gama, rigima ta ɓarke: an cire sunan wata daga littafinta an sa na wata, ko an karanta shi a YouTube ba izini, ko wata ta fitar da littafin kuɗi daga zauren waɗanda suka biya ta watsa kyauta, marubuciyar na ta jan Allah ya isa. Wa zai bar wannan ya je ya zauna da jarumar da ko suna bai gama zaɓa mata ba? Sai ka ɗaga ido, caji ya yi ja.

Kan wannan ne Adda da Hamma na gidan maƙwabta suke kwana suna tashi. Hamma malamin firamare ne, kuma a ganinsa duk shirme ne.

"Adda, Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, zaure nawa yake ciki? Balaraba Ramat ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, wa ya tura musu sitika?"

"Hamma, ka manta su Balaraba da Ado ma suna da ƙungiyar Raina Kama a Kano? Kuma su maɗaba'a na bayan gidansu. Ni daga nan in kama hanyar Kano da littafi a jaka, yini guda a mota, in kai wa wa?"

A nan Adda ta fi shi gaskiya. Waya ce ta kawo mana kasuwar har ɗaka. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ba ta tambayar nisan garinka da Kano. A 2022 Amira Souley, 'yar Jamhuriyar Nijar, ita ta zo ta ɗaya. Akwai kuma wata riba da Hamma ba ya son a ambata a gabansa. Da yawanmu da Fulatanci ko Fali ko Gude ko Margi muka buɗe baki, Hausar a kasuwa da makaranta muka same ta, kuma Hausarmu ta nan ba ta cika damuwa da mace da namiji ba. Adda ta taɓa tura shafi guda inda amarya ya shigo ya zauna ya yi kuka, wata Bakanuwa ta bi shi layi-layi ta gyara mata, har da inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Ta yi fushin kwana biyu, amma yanzu ita ke gyara wa wasu. Irin wannan zauren ya ci datarsa. Shi da wanda masu karatunka suke ciki, ni a wajena sun isa. Sauran gidan biki ne: a ci, a sha, a yi guɗa, a watse ba wanda ya ƙaru da layi ɗaya.

Abin haushin ma abin da muke rubutawa in an samu an rubuta. Kullum jarumin ɗan hamshaƙin mai kuɗi ne a Abuja, yana zuwa Dubai kamar bayan gida, yana magana ƙasa-ƙasa. Alhali a ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka kama Mubi, mutanen yankin nan da ƙafa suka bi duwatsu, wasu har Kamaru, da goyo da tsofaffi. Kowane gida da labarinsa. Labarin da ya fara cin Hikayata a 2016, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan sansanin 'yan gudun hijira yake. Mu da muka yi gudun muna can muna jayayya kan wace jaruma ce ta fi iya kwalliya.

Mutum ɗaya na sani a unguwar nan da ta kai littafi ƙarshe, wata ƙanwarmu mai ɗinki. Da rana tana rubutu a littafin makaranta a gefen keke, da dare ta kashe data ta kwafe a waya, sai ta gama ta kunna, ta tura, ta sake kashewa. Ba ta barka, ba ta sitika. Mun sa mata suna mai girman kai, an ce ma ba ta da zumunci. Duk da haka in ta yi kwana biyu ba ta turo ba, mu ne masu aika yaro shagonta ya tambayo ko lafiya.

Adda ta ce ita ma za ta bi sahu. Ranar ta zauna ta fice daga zauruka huɗu a jere. Kafin a kira Asuba admin ɗin ɗaya, wadda ashe 'yar ƙawar Goggon su Adda ce, ta bugo wa Goggo waya tana tambaya ko wani ne ya ɓata wa Adda rai, in kuwa ita ce a yafe mata. Goggo ta leƙo ɗaki da carbi a hannu.

"Ke, me kika yi wa 'yar mutane? Maza koma ki ba su haƙuri, ba a san gidan nan da yanke zumunci ba."

Aka mayar da ita, aka kuma ba ta admin don a wanke mata zuciya.